Yadda Turmin Iya Ya Shiga Cikin Na'ura

Ku sababbin yaran da Kawu Lawal ya ɗauka bana, ku matso kusa. Jiya na ji ɗayanku, mai kai kamar tulun nan da ba zan faɗi sunansa ba, yana cewa aikin shagon nan danna-danna ne kawai, a zauna a inuwa ana latsa kwamfuta. Har ya leƙa cikin rubutun da ke tafiyar da na'urarmu, ya ga wani wuri da aka sa wa suna turmin Iya, ya ƙyalƙyale da dariya ya ce a goge a sa suna irin na 'yan boko. To ni Sagiru na tsufa a wannan sana'a. Shekarata goma sha bakwai a duniya, uku daga ciki a gaban teburin nan na yi su, har bayana ya fara ranƙwafawa. Duk wanda ya goge sunan nan, da kaina zan ɗora shi a babur in kai shi Tsaskiya in miƙa wa mai turmin. Amma bari in gaya muku yadda ya shiga ciki.

Abin da muke haɗawa kun gan shi, akwatin ƙyanƙyasar ƙwai ne. Kafinta ya yi katako, fitilar kananzir ta ba da ɗumi ta gefe, ga tiren ƙwai, ga farantin ruwa a ƙasa. Wannan duk gangar jiki ce. Namu shi ne ɗan allon nan da bai kai tafin hannun jariri ba. A cikinsa akwai ma'aikata: mai buɗe 'yar taga idan zafi ya yi yawa, mai juya tire, da mai buga ƙararrawa idan ruwa ya ƙafe ko fitila ta mutu. Akwai kuma 'yan rahoto, wato 'yan ƙananan na'urorin da ke jin zafi, da ruwa, da motsin ƙofa. A tsakaninsu akwai wanda ke karɓar labari daga 'yan rahoto ya tashi ma'aikacin da ya dace. Kawu ya ce a makaranta kenel ake ce masa, kuma kowace waya da kowace kwamfuta tana da nata, ƙato. Mu nan Maigida muke kiransa. Kawu ne ya rubuta namu da hannunsa bayan ya dawo Batsari daga karatu, saboda batirinmu na tsohuwar waya ne, solarmu kuma ba ta fi marfin langa ba. Sana'ar tamu duka tambaya ɗaya ce: yaya labari zai isa wurin Maigida da wuri, bai cinye batir ba, kuma labarin bai ɓace a hanya ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Ƙarfen narka darma, wanda ya ƙone ni har babban yatsana ya daina buɗe waya. Mita mai nuna wutar da allo ke sha. Kwamfutar Kawu da fankarta ke kuka kamar injin niƙa. Amma wanda ya fi su duka shi ne ɗan ƙwan lantarki ja da Kawu ke liƙa wa kowane allo. Idan Maigida na farke ya kama, idan ya yi barci ya mutu. Na fi kallon ɗan jan nan fiye da yadda na kalli fuskar kowane mutum a duniya.

Sai kun san Kawu kafin ku fahimci Maigida na farko. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, ɗan gidan malamai, kuma a wurinsa nake zaune saboda makaranta. Mutum ne da idan ya taka igiya sai ya waiwaya ya ba ta haƙuri. Gaisuwarsa da tsohon da ke sayar da rake takan kai har raken ya bushe. To Maigidan da ya fara rubutawa halinsa ya ɗauko sak. Zagayen gaisuwa yake yi. Ya je wurin na zafi, “Ina kwana, akwai labari?” A ce babu. Ya je wurin na ruwa, “Ina gajiya, akwai labari?” A ce babu. Ya je wurin na ƙofa, babu. Sai ya koma wurin na zafi ya sake ina kwana. Kafin ka ƙifta ido ya zagaya sau dubu. Ɗan jan ƙwai kuwa a kunne kamar idon mai jin haushi. Da rani ba mu ga aibu ba, rana na ba da wuta kyauta. Abin da muka manta shi ne zabi da damina suke ƙwai.

Wadda ta fara tuna mana ita ce Iya Tasalla, mahaifiyar babana, da ke Tsaskiya a ƙasar Safana. Iya na da zabi da idan suka taso daga daji sai ka ce hadari ne. Zabuwa kuwa kun san halinta, ta zuba ƙwai a cikin ciyawa ta kama gabanta. Kaza ake sa wa ta kwanta a kai, kaza kuma kaɗan take iya rufewa, sauran sai a kai kasuwa a dafa wa matafiya. Shi ya sa Iya ta karɓi akwatinmu na farko. Da marka ta kama, rana ta ɓuya, batir ya mutu murus. Allah ya sa ba ta yarda da akwatin ba tun farko, da tafin hannunta take gwada ɗumi, ƙwai suka tsira. Ta aiko ɗan acaba da saƙo, da yake ni take kira angonta: “A gaya ma angona akwatinshi ya ɗauko halinshi, ci da yawa, aiki babu.”

Ranar da saƙon ya iso Kawu ya ce mini, “Sagiru, yau kai ne Maigida. Shiga gida ka zagaya ɗaki-ɗaki kana tambaya ko akwai labari. Kada ka tsaya sai na kira ka.”

Na shiga. Zagaye na farko matar Kawu ta amsa da fara'a. Na biyu ta amsa a taƙaice. Da abin ya yi yawa sai na ji ludayi a ƙeyata. Na fito ina haki.

“Me ka samo?” in ji Kawu.

“Ƙulu a ƙeya.”

“Labari fa?”

“Babu ko ɗaya.”

“To ka ga inda batirin Iya ya tafi. Yanzu ga tabarma, kwanta. Wanda ke da labari ya zo ya yi maka sallama.”

A ranar na tabbata Allah ya haɗa ni da sana'ar da ta dace da ni.

Aikin da muka yi bayan nan shi ne koya wa Maigida barci. Muka ja wa kowane ɗan rahoto waya tasa har bakin ƙofar Maigida. Babu sauran zagaye. Maigida ya kwanta, allo duka ya yi tsit, sai lokacin da zafi ya haura iyaka, ko ruwa ya ƙafe, sannan mai labarin ya yi sallama. Na zauna da mita ina kallo, wutar da allo ke sha ta faɗi kamar an zare mata tsani. Amma ɗan jan ƙwai in ya kama yakan daɗe fiye da kima. Muka bi sawu muka gane dalili: duk sallamar da aka yi, Maigida sai ya tashi ma'aikata kaf. An taɓa ƙofa kawai, amma mai taga ya tashi, mai tire ya tashi, mai ƙararrawa ya tashi, kowa na murza ido yana tambaya ko shi ne. Kamar dai a tsaya a bakin layinmu a ce “Kai, yaro!” ka ga yara sun ɓullo daga kowane zaure, a zatonsu gyaɗa ake rabawa, alhali mutum ɗaya ake so ya ɗebo garwashi. Maganinsa shi ne kowane ma'aikaci, kafin ya kwanta, ya gaya wa Maigida labarin da yake jira. Na zafi ya zo, mai taga kaɗai za a taɓa. Kada ku ga na faɗe shi a numfashi ɗaya, hutun makaranta guda ya cinye mana, da rabin gashin kan Kawu.

Saura abu ɗaya. Idan ana juya tire, Maigida kan rufe ƙofarsa don kada a ɗauke masa hankali ƙwai su zube. Na tambayi Kawu, to idan mai labari ya zo ya tarar da ƙofa a rufe fa?

Kawu ya dube ni kamar na tambayi ta ina ake fara alwala. “Yadda aka koya mana mana. Ya yi sallama sau uku, in ba a amsa ba ya juya. Ba a takura wa mai gida.”

Na ce madalla, don bakina cike yake da ƙuli-ƙuli. Ku riƙe wannan kuma: ɗan rahoto a daidai lokacin da abu ya canja yake magana. Zafi ya haura iyaka, ya yi sallama. Bayan nan ba ya sake buɗe baki sai zafin ya sauka ya sake hawa. Muka gwada da tire babu kaya a kai, juyi ya ƙare kafin a ce bisimilla, ba a taɓa kai wa sallama ta biyu ba. Batir kuwa ya ƙi mutuwa. Kawu ya tura akwatin ƙarƙashin gado inda rana ba ta san da shi ba, aka manta da shi, aka tuno, yana nan da ransa. Da daminar gaba ta kama muka mayar wa Iya, mutanen ƙauyen Karare ma suka karɓi nasu akwatunan, ni kuma na fara sa hula a karkace.

Wannan ita ce muguwar shekararmu. Iya ta yarda da akwati a karon nan, ta cika tire maƙil ta daina sa hannu. Aka yi wajen wata guda ana jira. Ko tsako ɗaya bai fito ba, duka suka zama baragurbi. Labari ya bazu. Mutanen Karare suka fara dawo da nasu, wani ma ya ce ba zai dawo da shi ba, matarsa ta samu wurin ajiye zannuwa. Kawu ya bi waya ɗaya-ɗaya, ya bi rubutu layi-layi, komai lafiya lau. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Wata safiya ya ce zai rufe wannan aiki ya koma gyaran waya, ni kuma ya riga ya yi magana da abokinsa a Karare, akwai gonar gyaɗa da ke neman hannu. Ni da fartanya kuwa tun ina goye ba ma shiri.

Ranar kasuwa da hantsi muna zaune a shago, sai wari ya fara isowa. Warin ya riga mai shi da nisa, har ungulayen mahauta suka tattara suka nufi Ruma. Na leƙa, sai ga Iya tana saukowa daga babur da ƙwarya a rufe da faifai. Kawu ya gan ta. Kunya ta kama shi, ga ta babba, ga ta surukar yayarsa, ga kuma abin da ke cikin ƙwarya. Ya ja ni cikin ƙuryar shago ya tura ƙofa.

“Yi shiru,” ya ce da raɗa. “Ban san me zan ce mata ba tukuna. Za ta yi uku ta tafi, in na gano matsalar sai in je da kaina.”

“Salamu alaikum.”

Muka amsa a zuci.

“Salamu alaikum!”

Kawu ya runtse ido.

“Salamu alaikum, masu kwamfuta!”

“Shi ke nan, uku,” in ji Kawu, ya sauke numfashi.

Na sa ido a tsagar ƙofa. Iya ta duba hagu ta duba dama. Ta hango tsohon turmin matar Kawu a jingine da bango, ta mirgino shi har bakin ƙofa, ta kife shi, ta zauna. Ta tura ƙwaryar baragurbi daidai inda iska ke shigo mana, ta ɗage faifai. Sannan ta kwance bakin zane ta ɓallo goro.

“Ta tafi?”

“Kawu, ta cire takalmi.”

Rana ta yi ta hawa. Duk wanda ya wuce ya durƙusa ya gaishe ta, ita kuma ta amsa da ƙarfi don mu ji: “Lahiya lau. Malamin kwamfuta nika jira, an ce ya tahi Makka ta ƙohwar baya.” Wata mai fura ta tsaya, Iya ta saya ta dama a nan ta sha. A ciki kuwa idanunmu na ruwa. Na cusa hula a hanci, na ce, “Kawu, wallahi da Iya ce ɗan rahoton zafi, da ƙwai ba su mutu ba. Wannan ba ta san juyawa ba.”

Ni wasa na yi. Amma Kawu ya daskare, bakinsa a buɗe cikin wannan wari. Ya ce, “Sake faɗa.” Ban sake ba, don ya riga ya buɗe ƙofa.

Ya zube a gabanta ya fara gaisuwa, ya tambayi gida, ya tambayi ruwa, ya tambayi shanu. Iya ta bar shi ya kai ƙarshe, sannan ta ce, “An dawo lahiya? Ya mutanen Makka?”

“A gafarce ni, Iya. Tambaya gare ni. Idan tire na juyawa, me kike yi?”

“Mi zan yi? In na ji shina gurnani kamar tsoho zai tashi daga tabarma, na san sanyi shika ji. Sai in ɗaga mashi lagwani.”

Kawu ya ce in ɗebo duwatsu masu girman ƙwai. Muka ɗauko ɗaya daga akwatunan da aka dawo mana da su, muka cika tire da duwatsun, muka kunna fitila. Tiren da ke juyawa cikin ƙiftawar ido lokacin da babu kaya, yanzu ya kama tafiya a hankali yana nishi. Kawu ya ɗaga lagwani. Zafi ya hau, ya haura iyaka tire bai gama ba. Ɗan rahoto ya yi sallamarsa uku a rufaffiyar ƙofa, ya juya cikin ladabi. Tire ya tsaya. Maigida ya buɗe ƙofa bai ga kowa ba, ɗan jan ƙwai ya mutu. Akwati ya yi zafin da za a gasa masara, taga na rufe, Maigida na sharar barci.

Kawu ya yi wa Iya bayani, kansa a ƙasa. Ta saurara tana tauna goro.

“Wato ɗan aikenka ya ga gida na cin wuta, yay yi sallama ukku, yak koma?”

“Haka ne, Iya.”

“Kai Lawal! Ukku ai ta baƙo ce, wanda yaz zo gaisuwa. Wanda yag ga wuta baƙo ne?” Ta juyo kaina. “Kai kuma angon banza, kana nan aka yi wannan?”

“Amarya, ni ƙuli-ƙuli nake ci.”

Ta ce zabi sun kusa ɗauke ƙwai, abin da ya rage na ƙarshe ne a bana. Za ta ba mu, amma da sharaɗi. Kaɗan za ta sa wa kazarta Mai Wake, sauran a akwati, ni kuma in bi ta Tsaskiya in zauna da shi tun da hutu ake. “In sunka mutu, baɗi kai za ka kwanta ma ƙwai da kanka.”

Kwanakin da suka biyo baya su ne aikin da na fi alfahari da shi. Kawu ya rubuta wa Maigida wurin zama a bakin ƙofa. Mai labari ya zo ya tarar a rufe, ba juyawa, ya zauna har a saurare shi. Maigida kuma ba shi da izinin kwanciya sai ya leƙa ya ga ba kowa. Da Kawu ya zo sa wa wurin suna, ya yi murmushi, ya rubuta abin da mai kan tulu ya gani jiya.

Aikina a shagon nan, ku sani, ɓata abu ne. Kawu ya gina, ni in nemi inda zai karye, kuma Allah ya ba ni baiwa a nan tun ina rarrafe. Na kama maɓallin da ke jin motsin ƙofar akwati na yi ta dannawa kamar mai kiɗan kalangu. Kowace dannawa ta kawo sabon mai zama, wuri ya cika, allo ya ruɗe. Na ce, “Kawu, Iya ɗari ne a bakin ƙofa.” Ya ce, “Subhanallahi. Ɗaya ta isa.” Ya gyara: kowane ɗan rahoto turmi ɗaya gare shi, in yana zaune a kai ba a ƙara wani, idan an zo kansa ya faɗi halin da ake ciki a lokacin. Kuma in an taru, na zafi ake fara saurara, na ƙofa ya jira.

Na koma dannawa. Na danna da safe, na danna da rana, na danna da yatsan ƙafa. Can wata rana na danna, ɗan jan ƙwai bai kama ba. Na yi ihun da ya sa matar Kawu ta fito da ludayinta. Ashe akwai 'yar tazara siririya kamar gashin gira tsakanin lokacin da Maigida ya leƙa ya ga ba kowa da lokacin da ya kwanta. In mai labari ya faɗo daidai nan, ya zauna a turmi, amma Maigida ya riga ya juya baya, ba wanda zai tashe shi. Kawu ya haɗe leƙawa da kwanciya suka zama abu ɗaya, ba a iya shiga tsakaninsu, duk wanda ya zo a wannan ɗan lokaci sallamarsa na rataye a ƙofa, kan Maigida na taɓa matashi ta tashe shi. Na sake dannawa har maɓallin ya gaji ya fita. Bai ƙara kuskure ba.

Muka ɗaure akwati a bayan babur, na rungume shi har Tsaskiya, taɓo har kunne. Marka ta kama kamar da gayya, rana ta yi tafiyarta. Iya ta ba ni tabarma a gefen akwati, Mai Wake kuma na cikin akurkinta a ɗaya gefen tana harara ta da ido ɗaya. Kullum in duba batir, yana nan. Ɗan jan ƙwai ya ƙifta ya koma, ya ƙifta ya koma. Na roƙi Iya abu ɗaya, kada ta taɓa lagwani. Ta ce to.

Wata safiya ana yayyafi, ƙwai sun yi nisa, tire ya fara gurnaninsa. Ina shan koko, sai na ga hannu ya wuce ta gefen kunnena. Iya ta murɗa lagwani har harshen wuta ya miƙe.

“Iya! Kin yi alkawari!”

“Na ce to, ban rantse ba. In gani ko ɗan aiken nan ya koyi zama.”

Na tashi zan rage, ta taka bakin rigata. Zafi ya fara hawa a ma'auni. Tire na nishi, yana tafiya kamar mai ciwon baya. Zafi ya haura iyaka. Taga shiru. Na san haka ya kamata, ƙofar Maigida a rufe take, amma sanin bai hana ni ganin gonar gyaɗar Karare a idona ba, kunya-kunya har inda sama ta haɗu da ƙasa. Tire ya yi gurnani na ƙarshe ya tsaya. Ɗan jan ƙwai bai mutu ba. Sai ƙwas! 'Yar taga ta buɗe, iska mai zafi ta huro mini a fuska. Ban taɓa jin iska mai daɗinta ba.

Iya ta mayar da lagwani inda yake, ta ɗage ƙafarta daga rigata. “To,” ta ce. Ta ƙara mini ƙosai biyu, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka ɗaura mana aure.

Ranar ƙyanƙyasa na farka da wani ƙara kamar ana ɓarar gyaɗa a cikin akwati. Na buɗe, sai ga su, jiƙaƙƙu, masu zane a ka, suna taka juna. Kafin azahar tire ya cika da tsaki, na ƙirga na ƙirga na bari don sun ƙi tsayawa. Mai Wake ma ta fitar da nata 'yan kaɗan tana taƙama. Iya ta kwashe na akwati duka ta zuba mata. Kazar ta waiwaya ta ga rundunar da ke bayanta, ta tsaya da ƙafa ɗaya tana tunanin yaushe ta yi wannan aiki. Maƙwabta suka cika gida, Iya na gaya musu, “Mai Wake ce da ƙoƙari. Akwatin angona ma ya ɗan taimaka.”

Na aika wa Kawu, washegari ya hawo babur. Muna can bayan gida muna ba tsaki gara, ba mu ji zuwansa ba. Ni ne na tsinkayi sallama daga nesa, na ruga, na tarar har ya yi ukunsa ya hau babur zai koma Batsari, cikin wannan taɓo, bai ga tsako ko ɗaya ba. Sai muryar Iya ta tsallako katanga.

“Lawal! Turmin can da ag bakin ƙohwa, wa na aje mawa?”

Kawu ya duba. Ga tsohon turmi a kife, an share masa wuri har an shimfiɗa buhu a kai. Ya kashe babur, ya sauko, ya gyara riga, ya zauna. Har yau in ya je Tsaskiya a nan ake samunsa, kuma mutanen Karare da suka dawo neman akwati, har da mai zannuwa, labarin turmin nan suka fara ji.

To kun ji. Mai kan tulu, ɗauki tsintsiya ka share darmar da ka zubar, sannan ka zo in nuna maka yadda ake danna maɓalli har ya gaji. Kuma idan kuka zo shago kuka tarar da ni a miƙe kan tabarma, kada wanda ya kai wa Kawu ƙara. Batir nake tattali. Ku yi sallama, ga turmi nan, ku zauna.